Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamitin Shirin Mallakar Gidaje Na Malamai: Ku Auna Shirin Da Takardar Albashinmu

Mai girma Shugaba, da sauran 'yan kwamiti,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ku lafiya. Allah ya taya ku riƙon nauyin da aka ɗora muku.

Ni malamin aji ne, bana shekarata 22 ina riƙe da alli. Ba ni da muƙami a ƙungiya, ba kuma wani babba ne ya turo ni ba. Abokan aikina ne da muke zama ofis ɗaya, da waɗansu na makarantun da ke maƙwabtaka da mu, suka ce tunda ni ne ba na iya yin shiru a wurin taro, to in zuba maganar a takarda kowa ya huta. Yawancinmu 'yan haya ne. Akwai masu fili da suka kasa sa bulo ko ɗaya, akwai waɗanda gininsu ya kai linta ya tsaya har ciyawa ta fito a falo, akwai kuma waɗanda ko filin ba su taɓa sa wa rai ba.

Ranar da aka sanar da cewa an fito da shirin mallakar gida domin malamai, da kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100 da wa'adin biya har shekara 30, mun yi murna ta gaske. Ba zan ɓoye muku ba, a daren nan har zanen ɗakuna na yi a bayan takardar shirin darasi. Muna kuma godiya, domin duk wanda ya taɓa shiga bankin kasuwanci neman bashin gida ya san darajar kashi 6. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne fom ɗin da ya biyo baya, musamman sharuɗɗan nan na shafi na uku da na huɗu da aka buga da ƙananan haruffa.

Ranar da fom ɗin ya iso, ana tashi tara sai malaminmu na lissafi ya ja mu wani aji da babu kowa, ya goge allo, ya ce kowa ya fito da takardar albashinsa. Bai rubuta adadin kuɗin kowa ba, don kada wani ya ji nauyi. Da wata ya yi lissafin, wato albashin wata nawa. Ya fara da sharaɗinku cewa abin da za a riƙa cira duk wata kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashi. Ba mu ƙi wannan ba, ai iyali za su ci abinci. Sai dai shi ne ke yanka girman bashin. Wanda zai riƙa ba da sulusin albashinsa har shekara 30 a kan kashi 6, iyakar abin da za a ranta masa shi ne albashinsa na wata 55 da rabi. Gida mafi ƙanƙanta a jerin da kuka fitar kuwa, in aka auna shi da albashin malami mai matsakaicin mataki, ya kai albashin shekara 8, wato wata 96. Ya ja layi ya cire, saura wata 40. Waɗannan 40 ɗin malami ne zai zo da su a hannu, ko an kira su kafin alƙalami ko an kira su ciko. Sai ya juyo ya tambaye mu nawa mutum zai iya ajiyewa a wata. Aka yi dariya. Wani ya ce a sa kashi 10 cikin 100 don mu yi wa kanmu kara. Ya raba, ta ba da wata 400, sama da shekara 33. Shi ma da sharaɗin farashin gidan zai tsaya cak yana jiran mutum, ba haihuwa, ba jinya, mai gida bai ƙara kuɗin haya ba. Ajin ya yi tsit. Aka kaɗa ƙararrawa, kowa ya ninke takardarsa ya koma wurin ɗalibansa.

Ranka ya daɗe, wannan lissafin shi ne gindin kukanmu, sauran abin da zan faɗa rassa ne. An sassauta mana kuɗin ruwa, amma tun a bakin ƙofa aka tare mu, ba mu kai inda sassaucin zai amfane mu ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Bari in fara da kafin alƙalami. Fom ya ce kashi 20 cikin 100, wanda a lissafin can ya kama albashin wata 19. Bayan shi akwai waɗanda sanarwa ba ta ambata ba: kuɗin fom, kuɗin mai kimanta gida, kuɗin lauya, kuɗin rajistar jingina, harajin takardu, da inshorar shekarar farko. Kowanne in ka gan shi shi kaɗai sai ka ce ƙarami ne, in suka taru sai su cinye albashin watanni. Wata malama a ofishinmu ta biya na fom da na kimantawa kafin a gaya mata albashinta bai kai ba. Ba a mayar mata da komai ba.

Ba mu ne farkon waɗanda suka ci karo da wannan ƙofa ba, kuma waɗansu sun sami yadda suka buɗe ta. A Amurka, ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, tana da shirin da ake kira Good Neighbor Next Door, wanda ke sayar wa malamai da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan agajin gaggawa gida a rabin farashi. Rabin da aka rage ana rubuta shi ne a matsayin bashi na biyu, babu ruwa a kansa, babu biya duk wata. In mutum ya zauna a gidan wata 36 cif, sai a soke shi. Shirin yana da nasa aibin: gidajen kaɗan ne, a unguwannin da ake son farfaɗowa kawai suke, in kuma masu nema suka wuce ɗaya ƙuri'a ake jefawa. Amma dabarar bashin da ke barci, wanda zama a gida da ci gaba da aiki ke gogewa, abin ɗauka ce. A Ingila kuwa, shirin First Homes da aka fara a 2021 yana rage aƙalla kashi 30 cikin 100 na farashi, kuma ƙananan hukumomi suna da damar sa ma'aikata irin su malamai a gaba. Abin da ya burge ni a nan shi ne ragin yana bin gidan har abada. Ranar da mai shi ya tashi sayarwa, da irin wannan ragin zai sayar wa na bayansa. Wannan ya toshe hanyar mai karɓa yau ya kai wa dillali gobe. Suna kuma da tsarin mallakar haɗin gwiwa, inda mutum zai sayi kashi 10 zuwa 75 cikin 100 na gida, ya riƙa biyan haya a kan ragowar, yana ƙara saye duk lokacin da hali ya yi. A Maroko, gidauniyar jin daɗin ma'aikatan ilimi da aka kafa a 2001 ta yi tanadin asusun da ke tsaya wa malami a gaban banki. Dama banki yana neman kafin alƙalami mai yawa ne don tsoron asara. In akwai mai tsaya wa, tsoron ya ragu.

Na ji waɗansu a cikinku suna cewa a bar malami ya ɗebi kuɗin fanshonsa ya cike. Singafo tana yin haka tun 1968, Najeriya ma ta fitar da ƙa'idar da ta yarda a ɗauki har kashi 25 cikin 100 na asusun fansho don kafin alƙalamin gida a 2022. Ban ce a hana ba, a bar ƙofar a buɗe ga mai so. Amma ni ina jin tsoronta. Fanshon malami dama bai taka kara ya karya ba, kuma bango ba ya sayen magani ranar da tsufa ya zo. In wannan ce kaɗai amsar da za ku ba mu, to aljihunmu na dama aka zura wa hannu aka cika na hagu.

Sai maganar shekaru, wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya saboda ta shafe ni. Sharaɗi ya ce a gama biya kafin ritaya. Ashe shekara 30 ɗin da aka yi ta shela ta sabon ɗauka ce kawai, wanda shi ne mafi ƙarancin albashi kuma bai tara komai ba. Wanda ya rage masa shekara 10 a aiki, a kan kashi 6 ɗin nan, albashin wata 30 kawai za a ranta masa. Wanda ya rage masa 5, wata 17. Mai haƙori ba shi da nama, mai nama ba shi da haƙori. Su wa ke nan aka yi shirin dominsu?

Malamin da ya koya mini rubutun insha'i, wanda daga baya na yi sa'ar zama abokin aikinsa, a gidan makaranta ya zauna kusan duk rayuwar aikinsa. Da ya yi ritaya aka ba shi wata uku ya tashi, garatuti kuma bai fito ba. Ni na taya shi ɗaure littattafansa a kwalaye, muka kai su ɗakin ajiya a gidan ƙaninsa. Yana miƙa mini wani tsohon ƙamus yana cewa in riƙe, shi ba shi da inda zai sa. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Har yau ƙamus ɗin yana kan teburina, kuma duk lokacin da na buɗe shi sai in ƙirga shekarun da suka rage mini. Fansho kuɗi ne da ke shigowa duk wata kamar albashi, daga hannun da ya saba biya. Mene ne zai hana a bar biyan ya ci gaba daga cikinsa na wasu shekaru, da ragin adadi? Mene ne kuma zai hana miji da mata masu aiki su haɗa albashinsu a bashi ɗaya, ko uba da ɗansa mai aiki?

Gidajen kansu ma akwai magana. Mun ɗauki mota mun je mun gani, don ba a cinikin biri a sama. An gina su can bayan gari inda fili ke da araha, babu ruwan famfo, motar haya ba ta kaiwa, kuma babu makarantar da waninmu ke koyarwa kusa da wurin. Malamin da ya koma can zai zuba abin da yake biyan haya a kuɗin mota, ya iso aji a gajiye bayan an gama darasin farko. Tsarin ma iri ɗaya ne, kamar dukanmu ango da amarya ne da ba su haihu ba.

Da an tambaye mu, da an ji cewa da yawa daga cikinmu ba sabon gida gamamme muke nema ba. Mai ginin da ya tsaya a linta abin da yake buƙata bai wuce albashin shekara ɗaya ko ɗaya da rabi ba, ya yi rufi, ya sa ƙofa da taga, ya tare, sauran ya ƙarasa yana ciki. Wannan bashin kuwa yana cikin abin da lissafin allo ya ce za mu iya ɗauka, in na shekara ɗaya ne har da mai shekara 5 a gaba. Kuɗin gida ɗaya a rukuninku zai rufa gine-gine biyar zuwa takwas irin waɗannan. Amma fom bai san da mu ba, saboda ya ce sai mai takardar shaidar mallaka ta gwamnati. Abin da yawancinmu ke riƙe da shi takardar ciniki ce da sa hannun shaidu. Neman waccan takardar kuwa tafiya ce ta shekaru daga tebur zuwa tebur, kowane tebur da kuɗinsa. Gwamnati ce ke biyan albashinmu, ita ce ke cire bashin tun kafin kuɗi su iso hannunmu, ita ce kuma ke ba da takardar filin. Hannu ɗaya ne. Albashin da ake cira tun daga tushe ai shi kansa jingina ce da ta fi kowace takarda ƙarfi. A saki kuɗin mataki-mataki, in an ga harsashi a ba da na linta, in an ga linta a ba da na rufi, takardar mallaka kuma kwamitinku ya bi ta a dunƙule a madadin duk masu nema.

Wani abu kuma da aka manta shi ne filin makarantu. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2016 da ta sauƙaƙa wa hukumomin makarantu gina wa malamansu gidaje, kuma a garin Daly City wata hukumar makarantun sakandare ta buɗe gidaje 122 a filinta a 2022, tana ba ma'aikatanta haya ƙasa da ta kasuwa. Haya ce, ba mallaka ba. Amma malamin da ya yi shekara biyar yana biyan haya mai sauƙi kusa da ajinsa shi ne zai iya tara kafin alƙalami.

Ranka ya daɗe, akwai waɗanda suka mayar da fom ɗin tun daga shafin farko, da suka ga kalmar kuɗin ruwa. Ba 'yan tsiraru ba ne, kuma ba taurin kai ba ne. Mutum ya ce ya gwammace ya mutu a haya da ya kwana a ɗakin da aka gina da riba, ba ka da abin da za ka ce masa. Daga albashinsu ake cire gudummawar asusun gidaje kamar kowa, amma an tsara shirin ta yadda ba za su taɓa cin moriyarsa ba. Hanyoyin kuwa sanannu ne. Akwai murabaha, inda banki zai sayi gidan ya sayar wa malami da ribar ciniki sananniya, a biya kaɗan-kaɗan. Akwai ijara, wato haya mai ƙarewa da mallaka. Akwai musharaka mai raguwa, inda banki da malami za su mallaki gidan tare, malami yana biyan hayar kason banki yana kuma saye shi sannu a hankali har ya ƙare. Hukumar lamunin gidajen ma'aikatan gwamnati ta Maleshiya, LPPSA, wadda ta fara aiki a 2016, tana ba da tsari biyu gefe da gefe, na ruwa da na Musulunci, ma'aikaci ya zaɓa. Shirin Imtilak na malaman Maroko da aka fara a 2019 shi ma ya sa murabaha a cikin abin da yake tallafawa. In za ku yi, abu biyu muke roƙo. Tallafin ya zama daidai a hanyoyin biyu, kada mai gudun riba ya ƙare da biyan fiye da na kowa. A irin wannan ciniki gida yana sauya hannu sau biyu, in ba a kula ba sai a caji harajin takardu sau biyu, abin da Birtaniya ta gyara a dokarta tun 2003. Sannan a sa masana shari'ar ciniki su duba yarjejeniyar da gaske. In suna kawai aka sauya aka bar abin yadda yake, malamai za su gane, karatu ne sana'arsu.

Tunda na ambaci gudummawa, bari in tsaya a kanta. Shekara da shekaru ana cire wani kaso daga albashinmu da sunan asusun gidaje. A takardar albashi muna ganin an cire, amma babu wanda ya taɓa nuna mana inda ya sauka. Bara na ce bari in bi sawun nawa. Ofis na farko suka tura ni na biyu, na biyu suka ce mai fayil ɗin ya fita, na uku aka samo sunana an rubuta shi iri biyu, da lamba biyu, kuma shekara huɗu babu su a ko ɗaya. Aka ce in kawo takardun albashin waɗannan shekaru in tabbatar. Ni aka cire wa, ni kuma zan kawo hujja. Ga shi yanzu fom ɗinku ya ce sai wanda gudummawarsa ta cika ba giɓi. Ɗan ƙaramin banki ma yana turo wa mutum alat in an taɓa asusunsa. A Meziko, asusun gidajen ma'aikatan gwamnati, FOVISSSTE, da aka kafa a 1972, gwamnati ce a matsayinta na mai ɗaukar aiki ke zuba kwatankwacin kashi 5 cikin 100 na albashi a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. Mu daga namu ake cira, mun yarda, amma a bar mu mu ga abinmu.

Shafi na huɗu ya ce za a fara cire bashi daga ranar da aka amince da takardar mutum. Rabin gidajen da muka gani ba a yi musu rufi ba. Ke nan malami zai riƙa biyan haya da bashi a lokaci guda, har ranar da ɗan kwangila ya ga dama. Shafin bai ce komai ba a kan watan da albashi ya makara, amma ya ambaci tarar jinkiri. Wanda ya riƙe albashin shi ne zai ci mu tarar rashin biya, a dake mu a hana mu kuka. Ya ce dole mai gida ya zauna a ciki da kansa, ya manta cewa malami ba shi ke zaɓar inda za a tura shi ba. Takarda ɗaya ta canjin wurin aiki ta isa ta mai da mutum mai karya sharaɗi.

Mutuwa kuma fom ɗin ya yi shiru a kanta gaba ɗaya, mu kuwa ita muka fara tambaya. Shekarun baya mun rasa wani abokin aiki da ya ci bashin gini a wani wuri. Ba a yi wata uku da rasuwarsa ba takardar neman biya ta iso wa matarsa, tana cikin takaba. Karo-karo muka yi a ofis, bai kai ko'ina ba, a ƙarshe gidan aka sayar. Singafo ta daɗe da magance wannan: mai biyan bashin gidan gwamnati da kuɗin asusun tanadinsa sai ya shiga inshorar da za ta biya ragowar in ya rasu ko ya nakasa, iyali su zauna a gidansu. In aka haɗa dubban malamai a inshora ɗaya, abin da zai faɗo kan kowane mutum kaɗan ne. Mai son takaful, wato inshorar Musulunci, a ba shi takaful.

A taƙaice zan taɓa waɗanda aka bari a waje, ba don maganarsu ƙarama ce ba. Malaman wucin gadi da na makarantu masu zaman kansu babu gurbinsu a fom, alhali aji ɗaya muke shiga, alli ɗaya muke shaƙa. An kuma ce wa malamai mata biyu a makarantarmu su kawo sa hannun mazajensu, ba a ce wa namiji ko ɗaya ya kawo na matarsa ba. Albashin nata ne, bashin nata ne. A Ingila tun 1966 malamai suka kafa nasu bankin lamunin gida, Teachers Building Society, a zamanin da mace mai aiki ke shan wuya kafin a ba ta bashi ita kaɗai. A Kenya ƙungiyar tsimi da tanadin malamai, Mwalimu, tana nan tun 1974. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun san kowane memba, sun san mai biya da mai gudu. In kuna tsoron malamin da albashinsa ba ya bi ta hannunku, ku bi ta ƙungiyarsa.

Kada a ɗauka alfarma muke nema. Shawarar da UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka amince da ita kan matsayin malamai ranar 5 ga Oktoba, 1966, wadda saboda ita ake bikin ranar malamai a wannan rana, ta ce a samar wa malaman da ke aiki nesa da gari matsuguni mai kyau, kyauta ko da haya mai rangwame. Rahoton UNESCO na 2024 ya ce duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030. Mu ba sai mun karanta rahoto ba. Yaron da ke koyar mana da kimiyyar lissafi, wanda ɗalibai ke bi har bakin ƙofa da tambaya, ya ajiye aiki a zangon da ya wuce. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi, "Malam, na ga yadda kuka ƙare." Tun tafiyarsa ajin nan ba shi da malami.

Saboda haka ga abin da muke roƙo, kai tsaye. A dakatar da rufe karɓar fom har a gyara sharuɗɗan. A sauko da kafin alƙalami zuwa kashi 5 cikin 100, gwamnati ta tsaya wa ragowar ta hanyar asusun lamuni, ko ta rubuta shi bashin da shekarun aiki za su goge. A buɗe ƙaramin bashin ƙarasa gini da na sayen gida a inda malami ya zaɓa, a karɓi takardar ciniki tare da cirewa daga albashi. A bar biya ya tsallaka ritaya, a yarda da haɗa albashi. A fito da tsarin da babu ruwa a rana ɗaya da ɗan'uwansa, ba a ce yana nan tafe ba. Kada a cire wa kowa komai sai ranar da makulli ya shiga hannunsa, kuɗin ɗan kwangila kuma a sake su gwargwadon aikin da wakilan malamai suka gani da idonsu, ya kuma ɗauki nauyin gyaran duk abin da ya lalace har damina biyu. A soke tarar watan da albashi ya makara. Wanda aka yi wa canjin wurin aiki a bar shi ya sa haya. A sa inshorar rai a cikin kowane bashi. A turo wa kowane malami bayanin gudummawarsa ta waya duk wata, giɓin da ke ciki kuma ofishin da ya cire shi ya nemo shi.

Sai abu biyu da ba za su ci muku ko sisi ba. A rubuta a shafin farko na fom, da manyan haruffa, jimillar abin da mutum zai biya daga farko har ƙarshe. Bashin shekara 30 a kan kashi 6 yana komawa ninki biyu da ɗoriya na abin da aka ranta, kuma haƙƙin mai sa hannu ne ya san haka kafin ya sa. Sannan a riƙa liƙa sunayen waɗanda suka samu, da makarantunsu da matakinsu, don mu tabbatar masu riƙe alli ne.

A cikin 'yan kwamitinku ba mu ga mai shiga aji ko ɗaya ba, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Muna roƙon a ba mu kujera biyu, namiji da mace, ɗaya daga makarantar ƙauye. In hakan zai ɗauki lokaci, to ku sa mana rana kafin a rufe fom. Za mu zo da takardun albashinmu na gaske, daga sabon ɗauka har mai jiran ritaya, malamin lissafinmu kuma ya ce zai taho da allinsa. Allo kawai za ku tanadar mana.

Wassalam. Ku huta lafiya.

Naku,
Malamin aji, a madadin abokan aikinsa.